Ƙarar Tashin Kwamfuta: Darasi ga Masu Cibiyoyi a Azare

Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a ta koma kan kwamfuta baki ɗaya, cibiyoyin jarrabawa a Azare da sauran ƙasar Katagum suka dogara ga babbar kwamfuta guda, wato uwar garke, wadda sauran na'urori ke ɗaukar aiki daga gare ta. Ranar da ta ƙi tashi, ciniki ya tsaya cak.

Da zarar an kunna ta, manhajar BIOS takan binciki sassanta kafin komai ya bayyana a allo. Idan ta tarar da matsala, sai ta sanar ta hanyar ƙara, gajera ko doguwa. Wajibi ne mai cibiya ya ƙirga ƙarar, ya rubuta tsarinta, domin ma'anarta ta danganta ga kamfanin da ya yi manhajar.

A tsarin Award, gajeriyar ƙara ɗaya na nufin lafiya lau, doguwa ɗaya da gajeru biyu kuwa laifin katin hoto ne. A tsohon tsarin AMI, gajeru uku na nuni ga ma'ajiyar RAM, biyar ga furosesa, takwas ga ma'ajiyar hoto. A yawancin na'urorin Supermicro, gajeru biyar da doguwa ɗaya alama ce cewa ba a ga RAM ba, ƙarar da ba ta yankewa kuwa zafi ne ya yi yawa. Saboda haka littafin na'urar shi ne alƙali.

Amfanin wannan ga aljihu a fili yake. Ƙurar hunturu kan taru a ramin RAM ta kuma toshe fanka, zafin bazara kan gajiyar da na'ura. Sau da yawa maganin bai wuce a kashe wuta, a zare fulogi, a cire RAM a kakkaɓe, a mayar da shi daram ba. Wanda bai san wannan ba yana iya ɗaukar na'ura zuwa Kano ko Bauchi, ya sayi sabon babban allo mai tsada alhali tsohon lafiyarsa ƙalau, ya kuma yi asarar kwanakin aiki.

Don haka ya kamata kowace cibiya ta manna jadawalin ƙarar na'urarta a bango, kuma a faɗa wa mai gyara adadin ƙarar tun a waya, domin ya taho da kayan da ya dace.