Darasin Wannan Wata: Yadda Na'ura Ke Adana Kayan Tarihi

Dattawan Yawuri da Ngaski da Shanga sun san abin da ya faru a 1968. A shekarar ce aka gama madatsar ruwa ta Kainji. Ruwa ya cinye tsohuwar Busa da gungu masu yawa, aka tashi mutane fiye da 40,000. Kafin ruwan ya iso, masana sun yi gaggawar tono a Yelwa da wasu wurare. Sun samo tukwane da mutum-mutumi na yumɓu masu shekaru fiye da dubu. Kayan aikinsu a lokacin su ne magini, awo da igiya, zane da hoto. Abin da ba su kai gare shi ba yana ƙarƙashin ruwa.

Yau akwai na'urori biyu masu sauƙaƙa wannan aiki.

Ta farko tana aiki da hasken leza. Ana kafa ta a gaban gini ko tukunya. Tana harba haske, ya bugi abin, ya dawo. Da haka take auna nisan kowane ɗigo, har miliyoyi. Kwamfuta ta haɗa su, siffar abin ta fito da tsawo da faɗi da kauri.

Ta biyu ita ce ƙaramin jirgi maras matuƙi. Yana shawagi a sama yana ɗaukar ɗaruruwan hotuna. In an haɗa su, sai a ga taswirar ganuwa ko kufai gaba ɗaya.

Ga misali. A 2019 gobara ta ci rufin majami'ar Notre-Dame ta Faransa. Da ma wani masani, Andrew Tallon, ya auna ginin da leza. Awon ya taimaki masu gyara, aka sake buɗe ta a 2024.

To, amma na'ura ba ta auna abin da ya riga ya salwanta. Ragowar ganuwar Birnin Yawuri da tsofaffin kufai amana ce a hannunmu. Kada mu ɗebi ƙasar ganuwa don gini. Wanda ya tono tsohuwar tukunya a gona, kada ya fasa, kada ya sayar. Ya sanar da mai gari, don labari ya kai ga hukumar kula da gidajen tarihi.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka gama madatsar Kainji?
2. Yaya na'urar leza take auna abu?
3. Rubuta sunan kufai ɗaya da ke kusa da garinku.