Ɗan'uwanmu Ya Rame: Me Za Mu Ce?

Abin karantawa: Daniel 1:3-16, Luka 7:31-35, Romawa 14:1-12.

Ya ku 'yan'uwa, darasinmu na wannan wata a kan jiki ne da abinci, da kuma irin maganar da mu kan yi a kan jikin waɗansu. Za mu soma da labarin wani mutum daga cikinmu. Ya yarda a ba da labarin, amma ba za mu faɗi sunansa ba.

Shi ɗan kasuwar shinkafa ne. Ya kan sayi shanshera a wurin manoman Zauro da ƙauyukan fadamar Rima, ya kai wa masu injin casa a Birnin Kebbi da Argungu. Tun daga 2015, sa'ad da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, ciniki ya buɗe masa ƙwarai. Ya sayi mota, ya daina tafiya a ƙasa, ya yi tumbi har riga ta cika. Mu duka muka ce, "Madalla, Allah ya buɗa masa." Ba wanda ya ce da shi kome a kan jikinsa sai yabo.

Ana nan sai ƙishirwa ta dame shi, yana tashi fitsari sau biyar ko shida cikin dare. Ya tafi asibiti aka auna jininsa, aka tarar yana da ciwon sukari da hawan jini. Likita ya ba shi magani, ya ce ya rage tuwon shinkafa da mai da gishiri, ya bar lemon kwalba, ya riƙa tafiya a ƙasa kowace safiya. Ya bi maganar likita. Cikin wata takwas ya sauke kilo 12, yana barci sosai, ƙafafunsa sun daina kumbura.

Sa'an nan ne bakin mutane ya buɗe. Mata suka ce matarsa ba ta kula da shi, har 'yan'uwansa suka aiko a tambaye ta abin da ta ke dafa masa. 'Yan kasuwa suka ce ya karye, shi ya sa ya bar mota yana yawo a ƙasa; waɗansu manoma da suka saba ba shi shinkafa bashi suka ce sai kuɗi hannu. Waɗansu suka ce sammu ne. Waɗansu kuwa ba su faɗi sunan ciwon da su ke zato ba, sai dai su ce "ciwon nan." Wani ya zo wurinmu a asirce ya ce, "Fasto, ya kamata mutumin nan ya ci Jibin Ubangiji tare da mu kuwa?" Mun tsauta masa. Amma dole mu faɗi gaskiya, mu ma kanmu mun tare mutumin a ƙofar majami'a mun ce, "Malam, lafiya kuwa? Ka zube haka!" Sai ya yi murmushi kawai.

Ya ga ba zai iya da wannan ba. Ya koma cin abinci kamar dā domin jikinsa ya komo, mutane su bar shi ya huta. Jikin ya komo, maganganu suka kwanta. Bayan shekara guda ƙaya ta soke shi a ƙafa, bai ma ji ba, gama ciwon sukari ya kan kashe jijiyoyin ji na ƙafa. Miki ya ƙi warkewa. Aka yanke masa yatsu biyu.

Abin da ya sa mu ke tsoron rama

Kada mu yi saurin cewa mutanenmu jahilai ne. Tsoron rama yana da dalili. Iyayenmu sun ga yunwar da ta biyo bayan farin 1973 da na 1984. Har yanzu tamowa tana kama yara a ƙasar Kabi. A 2022 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta soma aikin jinyar yara masu tamowa a Maiyama. Ciwon ƙanjamau kuma, wanda aka fara ba da labarinsa a Nijeriya a 1986, daga ƙanjamewar jiki ya sami sunansa a bakinmu. Wanda ya taɓa binne ɗan'uwa da ya bushe kamar kara, in ya ga wani yana ramewa, dole gabansa ya faɗi.

Amma zamani ya kawo wani abin da kakanninmu ba su sani ba sosai. Su suna cin tuwon dawa da furar gero, da shinkafar da aka sussuka a turmi wadda ba ta rabu da dusarta duka ba, da miyar kuka da kifi, sa'an nan su wuni a fadama da fartanya ko a cikin kwalekwale. Ku dubi masuntan da ke faɗawa ruwan Matan Fada da homa da gora lokacin bikin kamun kifi na Argungu, bikin da aka soma a 1934. Da wuya ka ga mai tumbi a cikinsu, ga su kuwa da ƙarfi. Mu yanzu shinkafarmu fara ce tas daga inji, miyarmu cike da mai da dunƙule, ko kasuwa za mu sai mu hau kabu-kabu. Lemon kwalba mai rabin lita yana ɗauke da sukari kimanin giram 50, watau wajen ƙaramin cokali 12. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babban mutum zai ci a yini ya kai giram 5, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin dunƙule. Ta kuma ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙiba mai yawa. Ashe ciwon da mu ke zato na Turawa ne ya iso har bakin gulbi.

Sarkin bābānni da Daniel

Ku buɗe Daniel sura 1. Samari huɗu na Yahuda suna fadar Babila, an yanka musu rabo daga abincin sarki da ruwan inabinsa. Daniel ya ƙudura a ransa ba zai ci ba. Ku lura fa, ba domin rage jiki ya ƙi ba, domin kada ya ƙazantu ne a gaban Allah. Kada mu sa wa nassi abin da bai faɗa ba. Amma ku dubi amsar shugaban bābānni: tsoronsa shi ne kada sarki ya ga fuskokinsu sun faɗa, su fi sauran samari rama, shi kuwa a sare kansa. Bai ce abincin zai cuce su ba. Abin da ido zai gani shi ne ya dame shi. Wannan mutum da a Zauro ya ke, da mun ce ɗan garinmu ne.

Daniel bai yi gardama ba, bai kuwa raina shi ba. Ya roƙi a gwada su kwana goma da kayan lambu da ruwa, sa'an nan a duba. Mu ma Allah ya ba mu abin gwaji a wannan zamani. Akwai na'urar auna sukari wadda ɗigon jini ɗaya ya ishe ta, akwai ta auna hawan jini, ana samunsu a asibitoci da manyan kantunan magani. Da mun ce wa ɗan'uwanmu, "Malam, me likita ya ce?" da ya nuna mana katinsa, da mun ga lambobin suna sauka wata bayan wata, da mun yi godiya ga Allah tare da shi.

Ga abin da kowane dattijon ekklesiya ya kamata ya riƙe. Rama iri biyu ce. Akwai wadda mutum ya nema da kansa, tana zuwa a hankali, mai ita yana da ƙarfi, yana barci, yana aikinsa. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2002, mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu su kuma yi motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Akwai kuma ramar da ta zo ba a neme ta ba, tare da tari wanda ya wuce mako biyu, ko zufar dare, ko zawo, ko ƙishirwa da yawan fitsari. Wannan alama ce ta tarin fuka, ko ƙanjamau, ko ciwon sukarin da ba a kula da shi ba, ko ciwon daji. Mai irin wannan rama asibiti ya ke bukata, da wanda zai raka shi. Tarin fuka yana warkewa da maganin wata shida, mai ƙanjamau kuma yana rayuwa shekaru masu yawa in yana shan magani, ba ya kuwa sa wa kowa ta wurin ƙoƙo ko akushi. To, ko wace iri ce, tsegumi ba shi da wurin shiga.

Abin da harshenmu ya jawo wa 'yan matanmu

Wannan ya fi ba mu tsoro. Mu kan ce amarya ta yi kyau in ta yi ƙiba, mu kan ce da siririyar yarinya, "Ke, wa zai aure ki haka?" Ta ji sau ɗaya, ta ji sau goma, sai ta tafi kantin magani ta sayi abin da a ke kira sha-ka-fashe. Sunan kansa ya isa wa'azi. Cikin irin waɗannan ƙwayoyi akwai dexamethasone, magani mai ƙarfi wanda likita ya kan bayar domin kumburi da fuka, akwai kuma cyproheptadine mai buɗe ciki. Na farkon, in an daɗe ana sha, ya kan kumbura fuska, ya tara ruwa a jiki, ya ta da sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi, ya rage ƙarfin jiki na yaƙi da cuta. Wadda ta daɗe tana sha kuma kada ta bari farat ɗaya, sai ta ga likita ya rage mata kaɗan kaɗan, gama bari na gaggawa yana iya kisa. Abin ba sabo ba ne. Tun a 2001 wata jaridar Amurka ta ba da labarin matan Maraɗi masu shan irin waɗannan ƙwayoyi domin su yi ƙiba. Ku shugabannin Zumuntar Mata, ku ne za ku iya wannan magana, mu maza ba za a gaya mana ba.

Samari masu ɗaga ƙarfe

A bayan gidaje da yawa yanzu za ka ga sandar ƙarfe da aka zuba wa siminti a gwangwani biyu, samari suna ɗagawa da asuba. Da zarar ƙirjin yaro ya buɗe sai mu ce zai zama ɗan daba ko ɗan bangar siyasa. Abin mamaki, mu ne kuma mu ke kasa kunne ga rediyo lokacin kokawar takobi ta Nijar, wadda aka soma a Tawa a 1975, muna murna in Issaka Issaka na Dosso, maƙwabcinmu, ya ka da abokin karawarsa. Bulus ya gaya wa Timothawus horon jiki yana da amfaninsa, ko da ya ke bai kai ibada ba (1 Timothawus 4:8). Yaron da ke tashi da asuba yana horon jikinsa ya fi wanda ke kwana a teburin mai shayi da kwalbar maganin tari. Abin da za mu tambaye shi shi ne ko yana shan ƙwaya ko yin allurar ƙara tsoka, gama waɗannan su kan ɓata hanta da zuciya, su hana haihuwa. Sai kuma mu tambaye shi wa zai yi wa aiki da ƙarfin nan. In rufin majami'a ya tashi, ko an zo sauke buhuna, ku kira shi.

Ubangijinmu ya san wannan hali namu. A Luka 7 ya nuna Yohanna Mai-baftisma ya zo da ƙamewa daga ci da sha, aka ce yana da aljan. Shi kuma ya zo yana ci yana sha tare da mutane, aka kira shi mai haɗama. Wanda ya ƙudura zai yi zargi ba ya rasa abin kamawa.

Romawa 14 kuwa maganar abinci ce saboda lamiri, ba saboda ciwo ba, amma ka'idarta ta shafe mu, ta kuma kama kowane gefe. Mai ci kada ya raina mai ƙin ci, mai ƙin ci kada ya hukunta mai ci. Mun san waɗansu da suka rage jiki, yanzu ba a iya cin abinci kusa da su, kowace loma sai sun yi wa'azi a kanta. Ba kowace ƙiba ce daga haɗama ba. Akwai ta gado, akwai ta haihuwa, akwai ta magani. Talaka kuma abin da ya samu shi zai ci, ko da ya ke zogale da wake da yakuwa da gero ba su fi ƙarfin yawancinmu ba, raina su kawai mu ke yi. In kuwa baƙo ya ce ba ya shan lemo, kada uwargida ta ɗauka ya raina gidanta. A kawo masa ruwa.

Ɗan'uwan nan namu ya sake komawa kan maganar likita. Ya rame kuma, yana ɗingishi kaɗan. Ran Lahadin da ya dawo majami'a ya roƙi izini ya tsaya gaban jama'a, ya ɗaga katinsa na asibiti, ya faɗi sunan ciwonsa da bakinsa. Bayan sujada mutum bakwai suka bi shi suna tambaya inda a ke auna jini. Dattawa sun shirya wata ma'aikaciyar jinya daga cikinmu ta riƙa zuwa da na'urorinta ran Lahadin farko na kowane wata, ta zauna a ɗakin Makarantar Lahadi bayan an tashi. Wanda zai zo a auna masa sukari, ta ce ya gaya mata lokacin da ya ci abinci na ƙarshe.