Yadda Matuƙin Jirgin Ruwa Yake Gane Hanya a Teku

Jama'a, wanda ya tashi a Kura ko Bunkure ya san ruwa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa yake biyo kanal yana ratsa gonakin shinkafa da alkama da tumatir. To, amma ruwan kanal yana da gaɓa dama da hagu. Teku kuwa, in jirgi ya yi nisa, ba tudu ba bishiya, ba wanda za a tsayar a tambaya. Ta yaya matuƙi yake kai kaya da mutane daidai tashar da ya nufa? Ba tsafi ba ne, ba kuma sa'a ba ce. Lissafi ne, kuma abu uku yake riƙewa: fuska, da gudu, da lokaci.

Fuska

Matuƙi yana da kamfas, wato na'urar da allurarta take nuna arewa. An raba da'irarta gida 360, kowane gida sunansa digiri. Arewa ita ce sifiri, gabas 90, kudu 180, yamma 270. Mu ma muna amfani da wannan ma'auni ko ba mu sani ba, don alƙiblar masallatan ƙasar Kano tana wajen digiri 68 ne daga arewa, wato gabas mai ɗan karkata arewa. Sai dai allurar ba ta nuna arewa ta ainihi cif. Maganaɗisun duniya yana karkatar da ita, ƙarfen jirgi ma yana janta. Don haka kullum sai matuƙi ya gyara abin da ta nuna kafin ya dogara da shi.

Gudu

Ga gwajin da kowane yaro zai iya yi. A auna mita 10 a bakin kanal, a jefa guntun karan dawa a ruwa, a duba agogo. In karan ya ci mita 10 cikin daƙiƙa 20, ruwan yana tafiyar rabin mita a daƙiƙa, wato mita 1,800 a awa. Haka matuƙan dā suke yi. Sukan jefa katako ɗaure da igiya mai ƙulli-ƙulli, tsakanin ƙulli da ƙulli kamar mita 14 da ɗoriya, su ƙirga ƙulli nawa ya zare cikin daƙiƙa 28. Shi ya sa har yau ake faɗin gudun jirgi da ƙulli. Ƙulli ɗaya shi ne mil ɗaya na teku a awa, mil na teku kuwa mita 1,852 ne. Ashe ruwan kanal ɗin nan namu ya kusa gudun ƙulli ɗaya.

Lokaci

In an san gudu, sai a ninka shi da awannin da aka yi ana tafiya, nisa ya fito. Jirgi mai gudun ƙulli 12 in ya yi awa 5 ya ci mil 60. Matuƙi sai ya ɗora ma'auni a taswira, ya ja layi ta fuskar da ya bi, ya ɗiga alama, ya ce, “Nan muke.”

Misali daga hanyar alhazan dā

Kakanninmu da suka tafi Makka ta ƙasa sukan ratsa Borno da Chadi da Sudan, su tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin ko Bur Sudan zuwa Jidda. Bari mu lissafa wannan tsallaken. An zana wa duniya layuka na kwance da na tsaye, kowane digiri an raba shi minti 60, kuma minti ɗaya daga kudu zuwa arewa daidai yake da mil ɗaya na teku. Jidda ta fi Bur Sudan arewa da kamar minti 112, wato mil 112. Ta fi ta gabas da kamar minti 118. Amma a lura, layukan tsaye suna matsewa in ana nisa da tsakiyar duniya, kamar yadda saƙar kwando take haɗuwa a gindi. Saboda haka minti 118 a wannan wurin mil 110 ne kawai.

Yanzu sai a tuna da gona mai kusurwa huɗu. Wanda ya yanke daga kusurwa zuwa kusurwa ya fi mai bin gefe sauƙin tafiya. Mil 112 da mil 110 su ne gefunan gonar, yanken kuma shi ne hanyar jirgi. A ninka 112 da kansa, a ninka 110 da kansa, a haɗa, a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan jimla. Za a sami 157. Nisan ke nan, mil 157 na teku, kusan kilomita 290. Tun da arewa da gabas sun kusa zuwa ɗaya, fuskar tana wajen digiri 45, arewa maso gabas. Jirgi mai gudun ƙulli 12 zai yi kamar awa 13, ban da kewayen da yake yi don kauce wa duwatsun murjani na bakin gaɓa.

Inda kuskure yake shigowa

Mai fito da kwalekwale ba ya nufar mashigar tsallake kai tsaye, sai ya ɗan nufi sama don ya san ruwa zai ja shi ƙasa. Haka iska da igiyar teku suke ture jirgi. Kuskuren digiri ɗaya tak yana kautar da jirgi mil ɗaya cikin kowane mil 60. A tsallaken Jidda, kuskuren digiri 5 zai sa jirgi ya bauɗe fiye da mil 13. Shi ya sa matuƙi ba ya yarda da lissafin safe har dare. Matuƙan Larabawa irin su Ahmad ibn Majid, wanda ya rayu a ƙarni na 15, sukan auna tsayin tauraron arewa daga bakin ruwa don su tabbatar da inda suke. Yau na'urar GPS tana karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam ta faɗi wurin nan take. Duk da haka ana koya wa matuƙa lissafin hannu, don na'ura tana iya mutuwa a tsakiyar teku.

Kira ga iyaye

Kada mu ce teku ta yi mana nisa. Injin ban ruwa da maganin feshi da muke saye a kasuwa, da yawansu ta jirgin ruwa suka iso Legas. Akwai makarantar koyon aikin jirgin ruwa a Oron ta Jihar Akwa Ibom, kuma ƙofarta a buɗe take ga ɗan kowace jiha da ya ci lissafi da kimiyya. Yaron da ya iya auna gudun ruwa a kanal ɗin nan namu ya riga ya kama bakin zaren. Iyaye, a bar yara su zauna a aji, a matsa musu su riƙe lissafi da kyau.