Kafin ka ƙara kuɗin data, duba modem ɗinka

Mai POS a kasuwar Gummi ko mai shagon kwamfuta a Anka yakan ji an ce kamfanin sadarwa ya ƙara sauri, sai ya sayi data mai tsada, amma intanet tana nan tana jan ƙafa. Sau da yawa laifin modem ne. A yankinmu sabis daga turken sadarwa yake zuwa, kuma na'urar da aka ƙera don 3G ba za ta kama 4G ba, ko nawa ka zuba mata.

Juya na'urarka, ka cire batir, ka karanta 'yar takardar da ke liƙe. Nemi LTE, wato 4G. In an rubuta Cat 4, iyakarta megabit 150 a daƙiƙa, kuma a Bukkuyum da wuya ka kusanci haka. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ta iya kama Band 20 ko Band 28, wato mita 800 da 700 MHz, domin su ne ke cin dogon zango, su ratsa bango. Tsohon layi ma a sauya shi da na 4G, da lambar NIN a hannu.

5G kuwa, MTN ya fara shi a 2022 a manyan birane irin su Kano. Kada ka biya kuɗin na'urarsa sai an gwada maka ita a shagonka.