Tsohuwar Bindiga da Garken Awaki a Ƙasar Zakin Dutse

Ƙarfe biyar da rabi na asuba wayata ta yi ƙara. Wani dattijo ne da na daɗe ina duba masa dabbobi a gindin duwatsun Sierra Nevada, a jihar Kalifoniya. "Likita, ka zo. Ya kashe mini uku."

Ban tambaye shi ko wane ne ba. Ni likitan dabbobi ne a wannan karkara, kuma kiran asuba irin wannan labarinsa ɗaya ne: zakin dutse, wanda ake kira puma ko kuga. Sunan zaki kawai aka ara masa, don ba shi da geza kuma ba ya ruri. Jikinsa ruwan ƙasa ne, wutsiyarsa doguwa, ƙosasshen namiji yakan wuce kilo 60. Daga Kanada har kudancin Chile akwai shi. Abincinsa barewar dajin nan, kusan ɗaya a mako, kuma yawonsa tsakanin magariba da asuba ne.

Gawar akuya takan faɗi wanda ya kashe ta. Kare yakan yayyage cinyoyi ya watsar da komai. Zakin dutse a wuya ko a ƙeya yake cizo, ya ja gawar zuwa ƙarƙashin kurmi, ya fige gashin, ya buɗe ƙirji ya fara da hanta da zuciya da huhu, sannan ya rufe sauran da ganye da ƙasa don zai dawo. Sawunsa babu alamar farce. Duk na ga waɗannan a ranar. Awakin kuwa a fili suka kwana, cikin shingen waya mai tsawon ƙirjin mutum, alhali dabbar nan shingen mita 2 ma ba ya tsayar da ita.

Amma abin da ya tayar mini da hankali yana kan barandar gidan. Dattijon ya sauko da bindigar kakansa mai baki biyu daga bango, ya ajiye kwalin harsashin zamani a gefenta, yana shirin kwanan zaune. Na ɗauke ta na duba. Jikin bututun duk zane ne mai murɗe-murɗe kamar igiyar ruwa. Na ce, "Baba, don Allah kada ka sa wannan harsashi a cikinta."

Ni ma ina tara tsofaffin bindigogi, kuma ina ƙaunarsu. Ina da Winchester samfurin 1894, wadda John Browning ya tsara, kuma duk sanda na riƙe ta sai na yi mamakin hannun maƙeran da suka yi ta. Saboda haka na san abin da dattijon yake ji. Sai dai irin bututun tasa, wanda ake kira Damaskus, sandunan ƙarfe ne aka murɗe, aka naɗe, aka haɗe su da wuta da guduma. Bayan shekara ɗari, tsatsa takan shiga tsakanin haɗin inda ido ba ya gani. An ƙera shi ne don baƙin albarushi. Albarushin zamani marar hayaki ƙarfinsa ya fi, kuma idan bututun zai fashe, sau da yawa daidai inda hannun hagu yake riƙe yake fashewa. Ga kuma gurbin harsashin tsofaffin da yawa inci 2 da rabi ne, na yanzu kuwa inci 2 da kwata uku. Harsashin zamani zai shiga, bindigar ta rufu lafiya lau, matsalar sai an danna kunama.

Kowace tsohuwa da halinta. Springfield samfurin 1903 masu lamba ƙasa da 800,000 an daɗe ana gargaɗin kada a harba su, saboda an ƙona ƙarfen wasunsu wajen ƙira har ya zama mai saurin tsagewa. Tsohuwar Colt mai ɗaukar harsashi shida, biyar masana suke sa mata, don idan ta faɗi da harsashi a gaban gudumarta tana iya tashi. Masu ɗuri ta baki kuwa, irin bindigar toka da maharbanmu suka sani, ana samun wadda aka ɗura tun zamanin kakanni aka rataye, kuma albarushin da bai sha damshi ba yana nan da ransa. Dokar tarayyar Amurka tana ɗaukar bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, shi ya sa wasu suke barin ta a falo inda jikoki suke wasa. Kowace ce, a kai wa maƙerin bindiga ya duba, a kulle ta, harsashi a wani wurin daban.

Doka ma tana da magana. Daga 1907 zuwa 1963 Kalifoniya lada take biya a kan kowane zakin dutse, aka kashe fiye da 12,000. A 1990 jama'a suka kaɗa ƙuri'ar da ta hana farautarsa. Wanda aka yi wa ɓarna hukumar kula da namun daji ta jiha zai kira, su zo su duba. Tun Yulin 2019 kuma an hana harbin naman daji da harsashin dalma, wanda shi ne abin da yawancin tsofaffin nan suke ci.

Ko an kashe zakin ma, awakin ba su tsira ba. Babban namiji yana riƙe da yanki mai faɗi, yana korar matasa. Masu bincike a Jami'ar Jihar Washington sun wallafa a 2013 cewa inda aka tsananta farauta, koke-koken ɓarnar dabbobi ƙaruwa suka yi, domin matasan da ba su goge ba su ne suke cike gurbin. Na ga haka da idona: a kashe ɗaya, ba a daɗe ba a sake kirana gida guda.

Abin da na ga yana aiki shi ne abin da kowane makiyayi a gida ya sani game da kura: dabba ba ta kwana a waje. Ɗaki mai bango huɗu da rufi da ƙofa mai sakata, a shigar da su kafin magariba, kada a sake su sai gari ya waye sosai. A sare kurmin da ke kusa da garke. Kada a zuba wa barewa abinci, don inda ta saba zuwa nan mai cinta zai biyo. 'Yan uwanmu da suke sayen fili a karkarar Amurka don kiwon ragunan layya da na suna, wannan magana taku ce.

Zakin dutse yakan taɓa mutum, ko da yake ba kasafai ba. A Maris 2024 ya far wa wasu 'yan uwa biyu a gundumar El Dorado, ɗaya ya rasu, karo na farko a jihar cikin shekara 20. Idan kun yi kiciɓis, kada ka gudu, kada ka durƙusa. Ɗauki yaro, ɗaga hannuwa, ɗaga murya, ja da baya kana kallonsa. In ya kawo hari, yi faɗa da duk abin da ke hannunka.

Dattijon ya yi shiru yana shafa bututun, sannan ya miƙo mini bindigar. Mun kwashe gawarwakin, muka kulle sauran awakin a rumfar motarsa a daren. Cikin makon ɗansa ya kawo kwanon rufi da katako. Da damina ta sauka na koma yi musu allura, ya kama hannuna ya kai ni bayan sabon ɗakin, ya nuna mini sawu babu farce a cikin laka, sawun ya zagaya ɗakin sau ɗaya ya nufi rafi.