Ƙaurar Manhaja Daga Wannan Inji Zuwa Wancan: Nazari a Kan Kodi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake ɗauke manhaja daga wani irin injin kwamfuta a mai da ita kan wani, tare da nuna cewa wannan aiki ya fi kusa da fassara fiye da kwafi. An zaɓi manhajar Kodi domin ta zama misali, watau manhajar nan da ke tattara finafinai da waƙoƙi da hotuna wuri guda, ta baje su a akwatin talabijin. Tarihinta ya nuna cewa duk manhajar da ta ɗaure kanta ga na'ura ɗaya, to ranar da aka daina yayin na'urar ita ma tata ta ƙare.

2.0 Harshen Furosesa

Furosesa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma kowane dangi na furosesa yana da jerin umarnin da yake ganewa. Dangin x86 ya samo asali ne daga kamfanin Intel na Amurka a shekarar 1978, shi kuwa dangin ARM an fara ƙera shi a Kambirij ta Ingila a 1985. Bambancinsu ba ƙarami ba ne. Alal misali, umarni guda na x86 kan ɗauki tsawon bait 1 har zuwa 15, alhali a ainihin tsarin ARM kowane umarni bait 4 ne cif. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, saboda haka abin da aka shirya wa x86 ba ya da ma'ana ga ARM.

Masu rubuta manhaja ba da wannan harshe suke rubutu ba. Akasarin Kodi da harshen C++ aka rubuta ta, sa'an nan wata manhaja mai aikin tafinta, wadda ake kira kwamfaila, ta juya rubutun zuwa umarnin furosesan da ake bukata.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Kodi, wadda a da ake kira XBMC, ta faro ne a kan Xbox, na'urar wasannin da Microsoft ya fitar a 2001. Furosesan Xbox ɗan dangin x86 ne mai saurin megahaz 733, ma'adanarta kuwa megabait 64 ce kacal. Da finafinai masu kaifin hoto suka yawaita, sai ƙarfinta ya gaza. A 2007 aka soma mai da manhajar kan Linux, a 2008 ta fito a kan Linux da Windows da Mac, a 2010 kuma masu kula da ita suka yi sallama da Xbox. A wannan mataki yawanci muhalli ne ya sāke, dangin furosesa yana nan yadda yake.

Babbar ƙaura ita ce ta zuwa ARM. A farkon 2011 manhajar ta hau Apple TV ta biyu, a 2012 kuma aka yi aikin ɗora ta a kan Android da Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar da aka sayar dala 35. Fitowa ta 12, a watan Janairun 2013, ita ta tabbatar da waɗannan biyun. A 2014 aka sauya sunan zuwa Kodi.

4.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Da a ce kwamfaila kaɗai ta wadatar, da aikin na yini guda ne. Amma akwai matsaloli uku.

Ta farko, sassan da ke buɗe hoton fim suna bukatar sauri ƙwarai, don haka an rubuta wasunsu kai tsaye da umarnin furosesa, irin su MMX da SSE na x86. Waɗannan tamkar karin magana suke, ba sa fassaruwa kalma da kalma. Dole a nemo makwafinsu a ARM, watau NEON, a sāke rubutu. Furosesan Raspberry Pi ta farko ma ba shi da NEON ɗin.

Ta biyu ita ce ƙarancin ƙarfi. Furosesan Raspberry Pi mai megahaz 700 ba zai iya buɗe babban fim shi kaɗai ba. Sai aka miƙa wannan nauyi ga sashen hoto na na'urar, VideoCore IV, aka kuma rubuta manhajar kunna fim ta musamman mai magana da shi. Haka nan zanen fuskar manhajar ya bar DirectX na Xbox ya koma OpenGL, daga bisani kuma OpenGL ES na ƙananan na'urori.

Ta uku ita ce ɓoyayyen zato. A harshen C akwai wani ƙaramin ma'aunin adadi wanda a x86 bisa al'ada kan fara daga -128 zuwa 127, amma a Linux na ARM daga 0 zuwa 255 yake. Marubucin da ya ɗauka ko'ina haka yake zai ga rubutunsa ya wuce hannun kwamfaila lafiya, amma sakamako ya fito a karkace. Irin wannan kuskure ya fi wuyar ganowa, domin ba ya nuna kansa sai ana cikin aiki.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa abin da ya ceci Kodi abu biyu ne. Na ɗaya, rubutunta na asali a buɗe yake ga kowa, shi ya sa 'yan sa kai suka sami abin da za su juya. Na biyu, an riƙa ware sassan da suka dogara ga na'ura daga sauran jikin manhajar, yadda kowace sabuwar ƙaura ta fi ta baya sauƙi. Ɗalibin fassara ya san wannan hali, domin shi ma yakan tantance abin da zai tsallaka salin-alin da abin da sai an sāke masa gini. An daɗe da daina ƙera Xbox ta farko, amma manhajar da aka haifa a kanta ta ci gaba da aiki a wayoyi da akwatunan talabijin.