Abincin Mai Motsa Jiki: Nazari a Kan Furotin da Kabohaidiret da Ƙwayoyin Bitamin

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wannan karin magana ya dace ƙwarai da mutumin da ya ɗauki motsa jiki sana'a ko ɗabi'a, ko ɗan kokawa ne, ko ɗan dambe, ko ɗan ƙwallo, ko kuwa mai ɗaga ƙarfe don ya tara ƙwanji. A al'adance akan yi kokawa da dambe ne da kaka, watau lokacin da rumbu ya cika, samari suka ƙoshi. A zamanin yau kuwa, matasa da yawa sun ɗauka ƙarfi yana cikin gwangwanin garin furotin da kwalbar ƙwayoyin bitamin, har wani yakan tauye kuɗin abincinsa don ya saye su. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana aikin da kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa uku yake yi a jiki, da gwargwadon da ake bukata, sannan a duba ko abincin gida ya wadatar.

2.0 Kabohaidiret: Abinci Mai Ba Da Kuzari

Kabohaidiret shi ne sinadarin da ya fi yawa a hatsi da saiwoyi, kamar gero da dawa da masara da shinkafa da doya da dankali da rogo. Idan an ci, jiki yakan narkar da shi ya zama gulukos, watau sukarin da jini ke kai wa tsoka da ƙwaƙwalwa. Kowane giram guda yana ba da kalori 4. Abin da ba a yi amfani da shi nan take ba, sai jiki ya adana shi da sunan gilaikojin, kimanin giram 100 a hanta da kimanin giram 400 a tsokoki. Wannan ajiya ƙarama ce, domin gudu mai tsanani na sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu yana iya kusan ƙarar da ita. Da ta ƙare sai ƙafafu su yi nauyi, jiri ya kama mutum.

A shekarar 1967 wasu masana a ƙasar Suwidin, cikinsu har da Jonas Bergström da Eric Hultman, suka gwada mutane a kan keken gwaji bayan sun ciyar da su abinci iri dabam-dabam. Suka tarar cewa wanda ya ci abinci mai yawan kabohaidiret ya fi daɗewa yana tuƙi kafin ya gaji, nesa da wanda ya ci nama da mai kawai. Haka kuma wani bincike da aka buga a 2004 a kan gwanayen dogon gudu na ƙasar Kenya ya nuna cewa fiye da kashi 75 cikin 100 na kuzarin da suke samu daga kabohaidiret yake fitowa, kuma babban abincinsu shi ne ugali, wanda bai da maraba da tuwon masara. Masana abincin 'yan wasa sun ƙiyasta wa mai motsa jiki na kamar sa'a ɗaya a kullum giram 5 zuwa 7 a kan kowane kilo na nauyinsa. Ke nan mai nauyin kilo 70 yana bukatar giram 350 zuwa 490 a yini.

3.0 Furotin: Abinci Mai Gina Jiki

An fara amfani da kalmar furotin a 1838, a lokacin da masanin Suwidin Berzelius ya ba masanin Holan Mulder shawarar sunan, daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar abin da ke sahun farko. Furotin ya ƙunshi ƙananan tubala 20 da ake kira amino asid. Jiki yana iya ƙera 11 da kansa, amma sauran 9 tilas sai daga abinci. Motsa jiki mai nauyi yakan wahalar da zaren tsoka, sai jiki ya yi amfani da waɗannan tubala ya gyara shi ya ƙara masa kauri a lokacin hutu da barci. Saboda haka cin furotin ba tare da atisaye ba ba ya tara wa kowa ƙwanji.

Baligi wanda ba ya aikin ƙarfi yana bukatar kimanin giram 0.8 a kan kowane kilo, shi kuwa ɗan wasa giram 1.2 zuwa 2.0. Ga mai kilo 70, wannan ya kama giram 84 zuwa 140 a yini. Idan aka duba abincin gida, za a ga cewa giram 400 na gero ko dawa suna ɗauke da furotin kusan giram 40. Giram 100 na busasshen wake, kusan 23. Giram 50 na gyaɗa, kusan 12. Ƙwai biyu, 12. Kofin madara guda, 8. Jimla ta kai giram 95 tun ba a zo kan nama ko kifi ba.

Akwai kuma wata fa'ida a haɗin abinci. Hatsi yana da ƙarancin tubalin da ake kira laisin, wake kuwa yana da shi da yawa, amma yana da ƙarancin wani mai suna metiyonin wanda hatsi ke da shi. Don haka garaugarau, da koko da ƙosai, da fura da nono, duk abinci ne da ɗaya ke cike giɓin ɗaya. Garin furotin na gwangwani galibi daga ruwan madara ko waken soya ake yin sa. Amfaninsa shi ne sauƙin ɗauka da sauƙin sha, sai dai bai ƙunshi wani tubali da babu shi a ƙwai da madara ba.

4.0 Ƙwayoyin Bitamin

Bitamin iri 13 ne, kuma ko ɗaya ba ya ba da kalori. Aikinsu shi ne taimaka wa jiki ya sarrafa abinci, ya gina jini da ƙashi, ya kuma kare kansa daga cuta. Tarihin gano su tarihin cututtukan rashi ne. A 1747 likitan jirgin ruwa James Lind ya ga cewa lemo yana warkar da ciwon zubar jini daga dasashi da ke kama matuƙan jiragen Ingila, kuma a 1912 Casimir Funk ya raɗa wa irin waɗannan sinadarai suna. Abin lura a nan shi ne, bitamin yana warkar da wanda ya rasa shi, amma wanda ya riga ya wadata ba ya ƙara masa gudu ko ƙarfi.

Bitamin C da dangin B suna narkewa a ruwa, saboda haka yawancin rararsu fitsari ke fitar da ita. Duk da haka, yawan shan B6 na dogon lokaci yana lalata jijiyoyi. Su kuwa A da D da E da K a kitse suke narkewa, jiki yana tara su. Rarar A tana cutar da hanta, rarar D kuma tana iya taɓa ƙoda.

Daɗin daɗawa, ba kullum abin da aka rubuta a jikin kwalba ke zama abin da ke cikinta ba. Wani ɗakin bincike a birnin Kolon na Jamus ya gwada kayan ƙarin abinci 634 da aka sayo daga ƙasashe 13 a 2000 da 2001, ya tarar 94 daga ciki suna ɗauke da sinadaran ƙara tsoka da aka haramta wa 'yan wasa, alhali ba a ambace su a takardar ba. A Amurka, inda ake yin da yawa daga cikin irin waɗannan kaya, dokar 1994 ba ta wajabta a sami amincewar hukumar abinci da magunguna kafin a kai su kasuwa ba. A Nijeriya ya kamata mai saye ya duba lambar rajistar hukumar NAFDAC.

Wannan bai hana a ce ƙwayoyin suna da gurbinsu ba. Mai juna biyu tana bukatar folik asid da sinadarin ƙarfe, wanda ba ya cin nama da madara da ƙwai yana bukatar B12, haka kuma wanda gwajin asibiti ya nuna yana da ƙarancin jini. Duk waɗannan bisa umarnin likita ake sha.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa mai motsa jiki yana bukatar hatsi da yawa don kuzari, da furotin daidai gwargwado a rarrabe cikin abincin yini, da ganyaye da 'ya'yan itatuwa kamar zogale da alayyafo da gwanda da mangwaro da lemo. Duk wanda kuɗinsa ba su isa biyu ba, gara ya sayi wake da ƙwai da ya sayi gwangwani, domin ba girin-girin ba, ta yi mai.